Shin Iskar Oksijin Za Ta Iya Maye Gurbin Man Fetur?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da aka yi shelar janye tallafin man fetur a Nijeriya, har farashin lita ya yi tashin gwauron zabi, mai mota ya koma yin lissafi kafin ya tayar da inji, mai babur kuma ya koma kashe nasa idan ya sami gangara, zukatan jama'a suka karkata ga neman wani abin da zai tafiyar da abin hawa ba tare da an bi ta gidan mai ba. Daga cikin tambayoyin da wannan ƙunci ya haifar akwai wata da ake yawan ji a garejin makanikai da majalisun matasa, wato: tun da yake malaman kimiyya sun ce iskar oksijin ce ke hura wuta, ga ta kuma cike da sarari, ba mai sayar da ita ba mai ɓoye ta, me zai hana a ƙera injin da zai riƙa shan ta ita kaɗai, a huta da fetur baki ɗaya? Tambaya ce ta mai hankali, wadda ta taso daga lura da tunani, saboda haka hakkinta a kanmu shi ne mu ba ta amsa da hujja.

Amsar a taƙaice ita ce a'a. Oksijin ba makamashi ba ce, kuma ba za ta zama man mota ba ko da an tara injiniyoyin duniya duka a kan aikin, domin abin da ya hana yana cikin ɗabi'ar da Allah Ya halicce ta a kai. Amma fatawar da ba dalili tare da ita ba ta kwantar da zuciyar mai tambaya, kuma a wannan mas'ala dalilin ya fi amsar fa'ida nesa ba kusa ba.

Wuta tana da rukunai uku, waɗanda idan ɗaya ya faɗi ta ɓaci: abin da zai ƙone, wato makamashi, kamar itace ko gawayi ko kananzir ko fetur, sai oksijin da za ta haɗu da shi, sai kuma zafin da zai fara haɗa su. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga wannan da idonsa, domin yaron maƙeri yana zuga zuga-zugi, gawayi yana yin ja har ya koma fari, ƙarfe yana laushi, har mai kallo ya zaci iskar ce ke ci da wuta. Amma da za a kwashe gawayin a bar yaron ya yini yana zuga, ko tartsatsi ɗaya ba zai gani ba, sai ƙura. Iska tana ƙara wa gawayi saurin ƙuna ne kawai, ita kanta ba ta ƙonewa. Akwai ma wata hujja da ta fi wannan sauƙi: kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu oksijin ce, da kuwa a ce tana kama wuta ita kaɗai, da ranar da ɗan Adam ya fara ƙyasta wuta sararin duniya ya kama da gobara daga gabas har yamma.

Sanin wannan bai zo wa mutane da wuri ba. Hukama'un Yunan, da malaman Musulunci da suka gaji iliminsu suka faɗaɗa shi, suna ƙirga iska cikin asulla huɗu na halitta, tare da wuta da ruwa da ƙasa, suna ɗaukar ta abu guda wanda ba ya rabuwa. Sai a ƙarni na 18 aka gane cewa gauraye take. Wani mai haɗa magunguna a ƙasar Suwidin, Carl Scheele, ya fara ware oksijin a farkon shekarun 1770, amma littafinsa bai fito ba sai 1777. A tsakanin nan, a watan Agusta na 1774, wani malamin coci a Ingila mai suna Joseph Priestley ya tattara hasken rana da gilashi a kan wani jan gari na sinadarin zaiba, sai wata iska ta fito, wadda ya ga kyandir yana ci a cikinta da ƙarfin da bai taɓa gani ba, ɓera kuma yana daɗewa da rai a cikinta fiye da yadda yake yi a iskar yau da kullum. Wanda ya warware mas'alar shi ne Antoine Lavoisier, Bafaranshe, mutumin da ba ya yarda da magana sai ya ɗora ta a kan mizani. Malaman zamaninsa sun tafi a kan cewa abin da ke ƙonewa wani abu ne ke fita daga jikinsa. Shi kuwa ya auna ya nuna cewa ƙarfen da aka ƙona nauyi yake ƙarawa, wato wani abu ne ya shiga jikinsa daga iska. Shi ya raɗa wa iskar suna, kuma daga aikinsa aka san hakikanin ƙuna: haɗuwar wani abu da oksijin, tare da fitar zafi.

To, fetur an gina shi ne daga sinadarai biyu, kabon da haidirojin. Idan ya ƙone, kabon ɗin yana haɗuwa da oksijin ya zama iskar kabon dayoksaid, haidirojin kuma ya haɗu da ita ya zama tururin ruwa (shi ne ɗigon da ake gani a bakin salansa da sanyin safiya), kuma zafin da ke tura mota yana fitowa ne daga wannan sabon haɗi. Idan aka cika silinda da oksijin zalla aka sa filogi ya ba da wuta, babu sabon haɗin da zai auku, domin oksijin ba ta sami abin da za ta kama ba sai 'yar'uwarta, alhali tun asali ƙwayoyinta bibbiyu suke tafiya a manne. Ko da an tilasta mata ta haɗu uku-uku, ta zama iskar da ake kira ozon, wannan aiki cin ƙarfi yake yi, ba ya bayarwa.

Sai dai kada mai karatu ya fahimci cewa oksijin 'yar rakiya ce a cikin inji. Injin da Nikolaus Otto ya daidaita a Jamus a 1876, wanda har yau shi ne asalin injin fetur, yana aiki da bugu huɗu: fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya kunna su su tura fistin ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Abin mamakin yana cikin adadin. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus yana bukatar iska kilo 14.7, wadda a cikinta akwai oksijin kusan kilo uku da rabi. Idan aka mayar da lissafin kan lita, lita ɗaya ta fetur tana shan iska kimanin lita 9,000. Wannan shi ya sa lita ɗaya, wadda nauyinta bai wuce kashi uku cikin huɗu na kilo ba, take fitar da kabon dayoksaid kimanin kilo 2.3, wato abin da ya fita ta salansa ya fi abin da aka zuba a tanki nauyi, domin mafi yawansa daga sarari aka ɗebo shi. Ashe duk direban da ya biya kuɗin mai, ƙaramin kaso na abin da injinsa ke ci ya biya. Babban kason kyauta ne daga Ubangiji, wanda tsirrai da ƙananan halittun teku suke ta fitarwa da hasken rana ba tare da an aiko wa kowa takardar biya ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta dace a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi kusa da ba mai tambayarmu gaskiya. A 1917 wani malami a Ingila, W. M. Thornton, ya lura cewa ko itace aka ƙona, ko gawayi, ko fetur, ko iskar gas, zafin da ke fitowa a kan kowane kilo na oksijin da aka cinye kusan ɗaya ne, kimanin megajul 13, har ma masu binciken gobara a yau sukan auna ƙarfin wuta ta hanyar auna oksijin da ta sha. Kuma a ɗakunan gwaji akan cika gilashi da iskar gas, a shigo da siririn bututun oksijin a kunna, sai a ga harshen wuta a bakin bututun kamar oksijin ce ke ci. Ma'anar wannan ita ce ƙarfin ba mallakar fetur ba ne shi kaɗai, ba kuma mallakar oksijin ba ne, yana cikin haɗuwarsu ne. Mun kira ɗaya makamashi ne saboda shi ne wanda ya yi ƙaranci a duniyarmu, shi muke saye mu ɗauka a tanki, ɗayan kuwa duk inda muka je mun tarar da shi. Wanda ya ce zai tuƙa mota da oksijin kaɗai, ya riƙe rabin al'amari ne yana neman sakamakon cikakkensa.

Daga nan wani zai ce, to mun yarda ba za ta tsaya ita kaɗai ba, amma tun da kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ce, wadda ba ta taimakon ƙuna, me zai hana a ba inji oksijin zalla don ya ƙara ƙarfi, ya rage shan mai? Rabin wannan magana daidai ne. Ƙarfin inji yana rataye ne da yawan oksijin da ya samu, shi ya sa motar da ba ta da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, take rasa kimanin kashi uku cikin 100 na ƙarfinta a duk hawan mita 300, har motar da ke gudu a Legas idan ta hau tudun Jos, mai tsawon kusan mita 1,200, sai direba ya ji totur ya yi nauyi. Amma ƙarin oksijin yana ba inji ikon ƙona mai da yawa ne cikin lokaci kaɗan. Ba ya ƙirƙiro ƙarfin da babu shi cikin man. Injin zamani mai lafiya ya riga yana ƙona kusan dukkan fetur ɗin da aka ba shi, har akwai wata 'yar na'ura a bututun hayaƙi, wadda kamfanin Bosch ya ƙera, Volvo ya fara sa ta a motocinsa a 1976, aikinta shi ne shinshinar oksijin da ta rage a hayaƙi ta sanar da kwamfutar mota. Idan ta ji oksijin ta yi yawa, kwamfutar ƙara mai za ta yi. Mai neman tsimi da wannan dabara zai wayi gari yana shan mai fiye da da.

Sannan naitirojin ɗin da ake raina wa, rahama ce a ɓoye. Ita ce ke shanye wani kaso na zafin, ta riƙe wutar silinda a wajen digiri 2,000, kuma ita ce mafi yawan iskar da ke kumbura ta tura fistin. Idan aka cire ta, zafin yana doshin digiri 3,000, alhali alminiyon da ake yin fistin da shi yana narkewa a digiri 660, kuma abin da ke tsare shi a yanzu shi ne gajartar lokacin wutar da sanyayawar ruwa da baƙin mai. Duk wanda ke son ganin abin da oksijin zalla ke yi wa ƙarfe ya je wurin masu walda da gas, ya kalli yadda suke yanka farantin ƙarfe mai kauri: sukan ɗumama wurin har ya yi ja, sannan su sakar masa oksijin, sai ƙarfen kansa ya kama ci yana zuba. Injin da aka yi wa haka, fistin zai huje, bawul ya ƙone, baƙin man da ke jikin silinda ya zama makamashi, kafin a kai ƙarshen layi inji ya buga.

Ko da an sami ƙarfen da zai jure, akwai mas'alar ɗauka. Tanki mai lita 50 yana bukatar oksijin kimanin kilo 125. Babbar tukunyar da masu walda ke amfani da ita tana ɗaukar oksijin wajen kilo 10 ne, ita kanta kuwa ta haura kilo 50 ko ba komai a cikinta, saboda haka sai an ɗora wa ƙaramar mota tukwane goma sha biyu ko fiye, nauyin da ya wuce rabin tan, don a ba ta abin da take samu kyauta ta matatar iska. Idan kuma aka ce a mayar da ita ruwa don ta rage cin wuri, sai an sanyaya ta zuwa digiri 183 ƙasa da sifiri, aikin da ke cin wutar lantarki mai yawa. Saboda haka injiniyoyi suka bi hanya mafi hikima, wato cusa wa inji iskar sarari da yawa ta hanyar tabo, wanda Alfred Büchi na Suwizalan ya yi rajistar dabararsa a 1905, kuma hayaƙin da za a zubar ne ke juya shi. Masu tseren motoci sukan fesa iskar naitiros, wadda fiye da sulusin nauyinta oksijin ce, dabarar da jiragen yaƙin Jamus suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma a motar tsere na 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma tare da ƙarin mai.

Inda ake ɗaukar oksijin da gaske shi ne inda babu iska, kuma larura ce ta sa. Rokar farko mai aiki da mai na ruwa, wadda Robert Goddard ya harba a jihar Masacusets ta Amurka ranar 16 ga Maris, 1926, fetur ta ɗauka tare da ruwan oksijin. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969, matakinta na farko kananzir mai tsabta yake ƙonawa, kuma nauyin oksijin da ya ɗauka ya ninka na kananzir ɗin fiye da sau biyu. Lura fa, ko a nan ba a bar makamashi a gida ba. Mutanen da suka fi kowa kuɗi da ilimi da bukatar rage nauyi, da oksijin tana isa ita kaɗai, da su ne farkon waɗanda za su jefar da tankin mai.

Abin da ya fi damuna a wannan zance shi ne haɗarin da ke cikinsa, domin matasanmu masu basirar ƙere-ƙere suna da ƙarfin hali, tukunyar oksijin kuma ba ta da wuyar samu. A cikin oksijin zalla, abubuwan da muka saba ganin ba sa kama wuta da sauƙi suna ci kamar an zuba musu fetur, giris ko mai kuwa idan ya haɗu da ita a matse yana iya tashi ba tare da ashana ba, shi ya sa mai walda da ya san aikinsa ba ya taɓa bakin tukunya da hannu mai maiƙo. Ranar 27 ga Janairu, 1967, 'yan sama-jannatin Amurka uku, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee, suka halaka a cikin kumbon Apollo 1 yana ƙasa ana gwaji, saboda an cika ɗakinsu da oksijin zalla, tartsatsi ya tashi, wuta ta game shi cikin daƙiƙoƙi. A watan Afrilu na 2021 kuma, tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibnul Khatib da ke Bagadaza, inda ake jinyar masu cutar korona, mutane fiye da 80 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Idan wannan ya auku a hannun ƙwararru, ina ga wanda zai ɗaure tukunya a bayan babur, kusa da tankin fetur da salansa mai zafi?

Wannan shubuha tana da 'yar'uwa, wato maganar motar da ke tafiya da ruwa. Masu tallarta sukan ce ruwa haidirojin ne da oksijin, a raba su da lantarkin batir a ƙona su a inji. Haidirojin lalle makamashi ne na gaske, har kamfanin Toyota ya fitar da motar Mirai mai aiki da shi a 2014, kuma ita ma daga sarari take ɗibar oksijin ɗinta. Amma ruwa haidirojin ne wanda ya riga ya ƙone, kuma ƙarfin da za a kashe wajen raba shi ba zai taɓa gaza wanda za a samu idan an sake haɗa shi ba, balle an yi asara a hanya, a batir da waya da zafi. Wani Ba'amurke, Stanley Meyer, ya yi shekaru yana da'awar ya ƙera irin wannan mota, har masu zuba jari biyu suka kai shi ƙara, a 1996 wata kotu a jihar Ohayo ta yanke hukuncin cewa zamba ce, ta umarce shi ya mayar musu da kuɗinsu. Motar da ke tafiya da matsattsiyar iska kuwa gaskiya ce, har taragun fasinja sun yi aiki da ita a birnin Nant na Faransa tun 1879, sai dai ƙarfin ba na iskar ba ne, na injin da ya matse ta ne, shi kuwa da makamashi ya yi aikinsa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan wani ya zo maka da na'urar da ya ce za ta sa motarka ta sha iska ko ruwa maimakon mai, tambaya ɗaya ta ishe ka: mene ne yake ƙonewa, kuma wa ya biya kuɗinsa? Idan ya kasa nuna maka, riƙe kuɗinka. Iskar gas da ake matsawa a tukunya, wadda ake sauya wa motoci yanzu a ƙasar nan, makamashi ce ta hakika, a kai wa ƙwararren da aka horar ya haɗa; lantarki ma hanya ce ta gaskiya. Wanda kuma yake son injinsa ya amfana da oksijin yadda ya kamata, to ya duba matatar iskarsa, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta, ya canza filogi a kan kari, ya gyara na'urar da ke auna hayaƙi idan ta lalace. Tukunyar oksijin kuwa a bar wa asibiti da masu walda, kada a kusantar da ita ga inji ko da sunan gwaji.